Mai Ɗingishi a Tudun Lok Uk

Shekarar da gwamnati ta ce za ta datse kwarinmu ta cika shi da ruwan sha don mutanen birni, maganar ƙafar Kanar ta sake tashi a Lok Uk. Dama ba ta taɓa kwanciya sosai ba. Cewa ake yi Baturen nan, Kanar Tresham, wanda ya mutu a sansanin Japanawa, bai samu hutu ba, yana nan yana zagaya tudun tuluna, inda ake ajiye ƙasusuwan matattu, yana neman ƙafarsa ta hagu da aka sace masa. Ɓarawon kuwa, in ji su, Lok Tin-sau ne, mai kula masa da lambu. Wai ya tone ta daga gindin itacen kafur inda aka binne ta bayan likita ya yanke, ya ɓoye, don Baturen ya tafi lahira ba cikakke ba. Tun bayan yaƙi, duk wanda ya hau tudun ranar hazo sai ya sauko yana cewa ya ji tafiya a bayansa, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya a jaye.

Ban yarda ba, amma ban damu ba. Na daɗe ina koyar da yaran ƙauyen nan, na kuma san mutumin da ba ya iya haɗa bakwai da takwas yana iya siffanta maka fatalwa har launin takalminta. Abin da ya sa na shiga maganar shi ne Ah Han.

Ah Han 'yar Tin-sau ce, ita kaɗai ya bari. Mijinta ya tafi aikin jirgi bai dawo ba, ta komo ƙauye tana sayar da busasshen kifi. Ta zo mini da safe, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya mini abin da dattawa suka yanke. Za a kwashe dukkan tulunan ƙasusuwan zuriyar Lok a kai sabon tudun da gwamnati ta ba mu, ban da guda ɗaya. Mai duban kwanciyar ƙasa, wanda ke zaɓa wa matattu makwanci, ya ce Baturen yana bin ɓarawonsa ne. In aka ɗauki Tin-sau, mai tafiyar zai biyo mu sabon gari. In aka bar shi, ruwa ya rufe su tare, shi ke nan an rabu.

Ah Han kuwa ba ta da ikon taɓa tulun. 'Ya mace ce, sabon tudun na zuriya ne, mai tsintar ƙashi kuma, wanda aikinsa ne jera ƙasusuwa a tulu, ba zai ɗaga murfi ba sai da izinin shugaban ƙauye.

Ta ce, "Malama, mai awon gwamnati ya ce ruwan zai haye kan bishiyoyi. Babana ko wanka da ruwan sanyi ba ya so."

Na ce ta je ta buɗe rumfarta, zan duba.

Na san Kanar Tresham, abin da yawancin masu ba da labarinsa ba za su iya faɗa ba. Na zo Lok Uk 'yan shekaru kafin yaƙi, na tarar ya riga ya yi ritaya, yana zaune a farin gidan da ya gina sama da ƙauye. Da ya ji sabuwar malama ta yi makarantar mishan tana jin harshensa, sai ya riƙa aiko mini da gayyatar shan shayi. Shayin nasa da madara ne, abin ƙyama, amma ina zuwa, don yana da littattafai.

Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa a ƙauyen. Ya zo ƙasar nan yana ɗan laftanar, gemu bai fito ba, shekarar da Turawa suka karɓi yankinmu. Daga nan aka tura shi duwatsun arewacin Indiya, sai babban yaƙin Turai inda ya ce ya shekara uku a rami kamar ɓera, ya fito da muƙamin manjo da tari wanda bai rabu da shi ba. Ya roƙa a mai da shi nan. Aka ba shi sojojin da ke raka jiragen ruwa saboda 'yan fashin teku, a cikin wannan aikin ne harsashi ya farfasa masa ƙwaurin hagu, likitan bariki ya yanke ƙasa da gwiwa. Suka ba shi kanar da ƙafar katako suka sallame shi. Bai koma ƙasarsu ba. Ya ce a can ba ya da kowa sai wata 'yar'uwa da ke kiwon karnuka, kuma karnukan ma ba sa son sa.

Me ya dawo da shi kwarinmu, kowa ya sani. Lokacin yana laftanar, ya kawo sojojinsa koyon harbi a nan. Ya hango tuluna jere a gefen tudu, babu kowa a kusa, ya ɗauka na tsimin kayan lambu ne da aka zubar. Ya sa aka auna su. Shi da kansa ya fara, ya kuma samu wanda ya fi girma, tulun kakan da ya kafa ƙauyen. Ƙasusuwa suka gangaro cikin ciyawa. Babbansa ya tsayar da shi a rana ba hula, yana kallo dattawa suna rarrafe suna tsinta. Aka yi sabon tulu, aka sanar an samu komai, gwamnati ta gasa aladu ta ba da haƙuri. Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar. Ya ce akwai wata tsohuwa a gindin tudun ranar, tana ta maimaita kalma ɗaya cikin kuka, ya riƙe kalmar a kansa shekara da shekaru kafin ya tambayi ma'anarta. Na ce wace kalma ce. Ya miƙo mini biskit.

Da Japanawa suka shigo, ya haura sittin, da ƙafa ɗaya, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ya sauka birni ya ce a ba shi aiki. Aka ba shi gadin wata ma'ajiya. Suka kama shi a nan. Yunwa ta kashe shi a sansani, aka binne shi can bakin teku.

Ba mutumin kirki nake siffantawa ba. Ya taɓa sa 'yan sanda sun zo ƙauye sun kwana biyu saboda agwagwarsa ɗaya da ta ɓace. Wannan agwagwar ce ma ta fara tsaya mini a wuya. Mutumin da ya tayar da ƙauye kan agwagwa, an tone ƙafarsa daga lambunsa, kowa ya ga ramin a buɗe, bai kira ɗan sanda ba, bai kori mai lambu ba. Ni da idona na ga Tin-sau yana yi masa aski a baranda bayan abin ya faru. Wa ke miƙa wuya ga askar wanda ya sace masa ƙafa?

Na kai wannan tambayar ga shugaban ƙauye, Lok Shiu-tong, wanda kowa ke kira Baffa na Biyu. Na same shi a zauren kakanni yana sa ana sauke allunan sunaye ana naɗewa da jan yadi. Ya saurare ni yana sakace haƙori. Ya ce Turawa haka suke, ba a gane kansu. Ya ce mahaifinsa ne shugaba a lokacin, kuma da bakinsa ya taɓa cewa a tambayi Tin-sau. An tambaya, Tin-sau ya sunkuyar da kai, har ya mutu bai ce ba shi ba ne. Ya lissafo mini waɗanda suka faɗi a tudun suka karye, da aladun da suka mutu, da rijiyar da ta yi ɗaci.

Na ce tudu ne mai santsi, aladun kuma ban taɓa ganin ya wanke musu ɗaki ba.

Ya ce, "Malama Fong, kin yi karatu, ba a musu. Amma sunanki Fong. Wannan maganar 'yan Lok ce."

Na ce, "Baffa na Biyu, ni na koya wa ɗanka rubuta wannan Lok ɗin, kuma sai da ya cinye mini shekara biyu."

Masu naɗe alluna suka juya baya suna tari. Shi ma ya so ya yi dariya, ya danne. Ya ce in dai ina ganin ƙarya ce, tudun yana nan, hazo kuma bai ƙare ba.

Na jira ranar da hazon teku ya sauko sosai, na hau da hantsi. Ah Han ta ce za ta raka ni, na ce a'a, mutum biyu masu tsoro sun fi jin abin da babu. Na tafi da sandata kawai.

Tulunan suna nan a jere cikin ramukansu a jikin tudu, wasu an dora musu dutse, wasu ciyawa ta rufe rabi. Na kakan yana can sama, an yi masa gini kamar kujera, an liƙe murfinsa da farar ƙasa. Na Tin-sau yana gefe shi kaɗai, inda ƙasa ta fara zaizayewa, da guntayen turaren tsinke uku da Ah Han ta soka. Na zauna a kan dutse tsakaninsu. Ba na ganin ko tsawon sandata. Babu iska, babu tsuntsu. Sai ɗigar ruwa daga ganye.

Na zauna har gwiwoyina suka fara ƙorafi, ina shirin tashi, sai na ji.

Abin da na ji shi zan rubuta, ba zan ƙara ba. Taku, mai nauyi, kamar an ajiye buhu. Sai ja, a hankali, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Sai tsayawa, irin ta mai mai da numfashi. Sai taku kuma. Ya taso daga sama, ta wajen ginin kakan, ya gangaro ta damana. Na yi zaton zai wuce ƙasa ya nufi ƙauye, don hanyar ke nan. Sai ya karkata. Ya bi ta gabana, kusa har na janye ƙafafuna, ban ga komai ba sai fari. Ya zagaya ta haguna, ya haura, ya koma inda ya fito. Ya yi shiru. Sai ya sake tasowa, ya nufi ƙasa, ya sake karkata a daidai wurin nan.

Na yi gyaran murya na ce wane ne, da harshenmu. Na sake faɗa da na Turawa, ina jin kunyar kaina. Tafiyar ba ta canza ba.

Zan iya ba ku bayani kala-kala. Bauna ce da aka ɗaure da igiya a turke, ko gora ce ke gogar dutse, ko kunnen tsohuwa ne. Da hazo ya yaye na duba, ban ga turke ba, ban ga sawun kofato ba, ciyawar ma ba ta kwanta ba. Na bar maganar a nan. Amma abu ɗaya na sauko da shi wanda na tabbata. Ko mene ne wannan, ba tafiyar Tresham ba ce. Ƙafar katakonsa tana da ƙarfe a ƙasa, tana ƙwas, ƙwas, da sauri, kamar yana gaban fareti. Bai taɓa jan ƙafa ba, abin kunya ne a wurinsa. Abin da na ji tafiyar tsoho ce wanda bai saba da ƙafafunsa ba.

Na zauna na yi tunanin wa ya rage da rai cikin waɗanda suke manya lokacin da aka ga ramin lambun Kanar. Maza duk sun tafi. Sai na tuna Goggo ta Bakwai, ƙanwar mahaifin Baffa na Biyu. Ba ta yi aure ba, ta riƙe wa yayanta gida har ya mutu, sannan ta koma gidan ibada na mata marasa cin nama a bayan tudu. Ta haura casa'in. Mutane sun daina ƙirga ta cikin masu rai, ba don ƙiyayya ba, mantuwa ce kawai.

Na same ta a tsakar gida tana tsinke jelar tsiron wake da yatsu, idanunta sun yi fari. Ta gane ni da murya. Ta ce ashe malamar nan mai dukan yara ba ta mutu ba. Na ce ina jiran ta fara. Na zauna na ja kwanon muka riƙa tsinka tare, na gaya mata abin da za a yi wa Tin-sau. Hannunta ya tsaya.

Ba ta ba ni labarin a jere ba, ni na jera shi. Ranar da aka fasa tulun kakan, ba a samu komai ba. Ƙwauri ɗaya da ƙasusuwan tafin ƙafa sun ɓace, ko harsashi ya niƙe su, ko kare ya riga mutane. Dattawa suka ɓoye, don kada ƙauye ya watse. Amma matar shugaba na lokacin ta sani, ita ce tsohuwar da ke kuka a gindin tudu, kalmar da take maimaitawa kuwa ƙafa ce. Sirrin ya gangaro daga shugaba zuwa shugaba har ya iso ga yayan Goggo. Shi kuwa ɗansa na fari, wan Baffa na Biyu, an haife shi da murɗaɗɗiyar ƙafa, ya mutu bai taɓa tsayawa ba. Yayan bai taɓa shakkar dalilin ba.

Da likita ya yanke ƙafar, Kanar ya ce a ba shi abinsa. Ya binne ta a lambu, ya jira shekarun da muke jira nama ya koma ƙasa, don ya tambaya ya koyi yadda muke yi. Sannan ya sa Tin-sau ya tono, ya aika aka kira shugaba. Ya ce yana da abin da ya ɗauka daga zuriyar Lok, ga shi ya kawo madadinsa.

Yayan ya kwana uku ba ya cin abinci. A sa ƙashin baƙo, jan Bature, a tulun kakan da kowa ke rusuna wa, abu ne da in ya fita ba mai sake ɗaga kai a kasuwa. A bar kakan ba ƙafa kuma, ya ga abin da hakan ya yi wa ɗansa, ga matar Baffa na Biyu da ciki. Ya karɓa. Suka hau wurin gunkin ƙasa su uku, shi da Kanar da Tin-sau, aka fille kan zakara, kowa ya rantse in ya faɗa ya ƙare kamar zakaran, shi da abin da ya haifa.

Na ce, ita fa, ba a rantsar da ita ba?

Ta ce, "Wa ke ɓata zakara a kan mace?"

Ita aka kira ta wanke ƙasusuwan da giyar shinkafa, don ba su yarda a kira mai tsintar ƙashi ba. Ta zazzage na kakan a tabarma, ta jera, ta kawo na Baturen ta ajiye a gurbin da babu. Ta ce ita ba likita ba ce, amma ta yanka kaji da agwagi kafin ta daina cin nama, ta san abu in ya zo biyu yana kallon juna. Waɗannan ba sa kallon juna. Gefe ɗaya suke kallo.

"Na ce, Yaya, wannan ta hagu ce. Ta dama ce ta ɓace. Ya ce in rufe baki, ƙafa ƙafa ce."

Na ce Baturen bai lura ba?

"Yana can tsaye a rana da hula a hannu, ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, hawaye na bin gemunsa. Wa zai ce masa ya koma gida ya yanko ɗayar?"

Suka mayar, suka liƙe da farar ƙasa. Abin da suka manta shi ne ramin lambu. Wata mai yankan ciyawa ta gan shi a buɗe, kafin yamma ƙauye ya ɗauka. Aka tambayi shugaba, ya ce a tambayi mai lambu. Mai lambu yana da 'ya ƙarama da rantsuwa a wuya, ya yi shiru. Kanar kuwa harshenmu na ba da umarni ya iya, ba na gulma ba, har ya mutu bai san abin da ake faɗa ba. Goggo ta ce ta taɓa tare Tin-sau a hanyar rijiya ta ce za ta faɗa, ya durƙusa ya roƙe ta, yana tsoron kada zakaran ya kasa bambance bakin da ya yi magana. Bayan ya mutu kuma ba wanda ya tambaye ta komai, ko lafiyarta.

Ta ci gaba da tsinkar wake. Can ta juyo da fararen idanun nan wajena.

"Kin hau, ko? Ina jin ƙanshin ciyawar a jikinki. Kin ji shi?"

Na ce na ji wani abu.

"Miƙewa yake ko zagaye?"

Ban so amsawa ba. Na ce zagaye.

"To. Ki ɗaura wa tsoho ƙafar hagu biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ki ga ko zai miƙe hanya. Gida yake son saukowa, ƙafar tana juya shi. Lokacin da Baturen ke da rai ba ta da inda take son zuwa. Da ya mutu ne ta fara ja, tana neman mai ita."

Na ce ni ban yarda da irin wannan ba. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Na koma wurin Baffa na Biyu, wannan karon a gidansa, na sa ya kori jikokinsa waje. Na faɗa masa duka. Ya ce tsohuwa ce ta ruɗe. Ya ce mahaifinsa ya bar wasiyya kada a taɓa buɗe tulun kakan, ko don duba gara da ruwa kamar yadda ake yi wa sauran kafin a ɗauka. Na ce bai taɓa tambayar kansa dalilin wasiyyar ba? Na ce zaɓi biyu ne. Ko ya buɗe a gaban mutum kaɗan, ko ranar kwasar tuluna in sa a ɗauko Goggo ta Bakwai a kujera ta faɗa a gaban ƙauye da akawun Di'o, kuma ya san muryarta ba ta tsufa ba.

Ya ce, "In aka buɗe ba a ga komai ba fa?"

Na ce sai in rusuna masa a bakin zaure, gaban duk yaran da na taɓa duka.

Ya ce wannan kaɗai ya isa a buɗe.

Muka hau jajibirin ranar da motocin gwamnati za su zo, rana tsaka, sama wasai. Mu huɗu ne, shi da ni da Ah Han da wani mai tsintar ƙashi da ya ɗauko daga nesa, wanda bai san kowa a nan ba. Ƙashi ba ya son ganin sama, dole wani ya riƙe laima, ba kuma wani hannu sai na Ah Han. Haka 'yar mutumin da ake kira ɓarawo ta tsaya da baƙar laima tana yi wa kakan zuriya inuwa. Baffa ya kunna turare ya nemi gafara. Aka fasa farar ƙasar.

Mutumin ya fara ciro su daga sama, ƙoƙon kai, haƙarƙari, hannuwa, yana jerawa a tabarma yana 'yar waƙarsa ta aiki a hanci. Na kakan ƙanana ne, sun yi launin shayi, wasu da alamar tsagewa. Da ya kai ƙasan tulu waƙar ta tsaya. Ya ciro ƙwauri ɗaya ya ajiye. Ya ciro na biyu. Wannan ya fi fari, ya fi kauri, an ɗaure tsakiyarsa da jan zare inda ya farfashe. Samansa a yanke yake sumul, yankan zarto. Duk da an rage shi, ya ɗara ɗan'uwansa tsawo. Mutumin ya ajiye shi a dama, ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa. Ya ɗauke ya ajiye a hagu, jikin ɗayan, suka kwanta kamar cokula biyu. Ya ɗago ya kalli Baffa.

Laimar ta karkata. Na sa hannu na riƙe mata sandar.

Ba a ji komai a tudun ba ranar, ko motsin ganye. Abin da ya dame ni shi ne ƙasusuwan tafin ƙafar Baturen. Na kakan duk ƙura ce a jikinsu, busasshiya. Waɗannan kuwa da ɗanyar laka a ƙasansu, da ɗan guntun koren ganye maƙale tsakanin yatsu biyu. Tulu yana iya tsagewa ta ƙasa, ruwa ya shiga. Na duba ƙasan tulun da kaina. Ba zan ce na duba da kyau ba, idona ba kamar da ba ne.

Baffa na Biyu ya daɗe a tsugune. Mai tsintar ƙashi ya tambaya a hankali ko ya ware baƙon. Baffa ya ce in an ware, da me kakan zai tsaya? Ya goge fuska da hannun riga.

"Mayar. Ta ci aladenmu shekara talatin, ta sha giyarmu. 'Yar Lok ce yanzu."

Sannan ya juya wajen Ah Han, bai kalli idonta ba. Ya kira ta 'yar ƙanena, abin da ban taɓa jin wani ya kira ta ba. Ya ce in an gama nan mutumin zai duba tulun babanta, ta samo jan yadi sabo, kada ta kawo tsumma ta ba zuriya kunya.

Washegari tulun Tin-sau ya hau mota ta biyu, Ah Han na zaune a gefensa ta rungume shi saboda gargada. Masu tambaya aka ce musu mai duban ƙasa ya sake lissafi. Baffa bai ƙara ko kalma ba har ya mutu, Goggo ta Bakwai ta riga shi, mai tsintar ƙashi ya koma garinsu. Har yau a sabon gari akwai masu hana 'ya'yansu sayen kifin Ah Han.

Lok Tin-sau bai saci komai ba. Kanar Osbert Tresham ne ya sa aka tono ƙafarsa, ya miƙa ta da hannunsa ga shugaban ƙauye, shugaban ya karɓa ya sa ta a tulun kakan zuriyar Lok, ya bar laifin a kan mai lambu. Ƙafar da ta ɓace ta dama ce, wadda aka kawo ta hagu ce. Tana cikin tulun har yanzu.